Labari a Silimar Zane: Tsakanin McLaren da Moustapha Alassane



Batun wannan zama shi ne silimar zane mai motsi, wadda mutane da dama suka ɗauka wasan yara ce. Aikinta kuwa na haƙuri ne, domin daƙiƙa guda ta silima tana cin hoto 24, kuma kowane hoto sai hannu ya taɓa shi. Masu wannan sana'a sun rabu gida biyu. Gida na farko yana ba da labari mai farko da ƙarshe, kamar gatanar da tsohuwa ke yi wa jikoki da dare. Gida na biyu ya ajiye labari gefe, yana sa launi da layi su yi rawa bisa kiɗa, babu Gizo babu Ƙoƙi.

Babban malamin gida na biyu shi ne Norman McLaren, haifaffen Sikotilan wanda ya yi aiki a hukumar silima ta Kanada. A 1949, shi da Evelyn Lambart suka yi "Begone Dull Care". Sun riƙa shafa fenti suna karce zaren fim ɗin kansa, suna bin kiɗan Oscar Peterson. Mai kallo ba ya ganin mutum ko dabba, sai launuka suna tsalle. Kada a ce irin wannan aiki ba ya tsorata mahukunta. ƴan Nazi sun kira zanen da ba ya kwaikwayon siffa lalatacce, kuma Oskar Fischinger, gwanin wannan fanni, ya bar Jamus a 1936.

Amma a lura da abu guda. Lokacin da yaƙin Koriya ya dami McLaren, labari ya koma wa. A "Neighbours" na 1952, maƙwabta biyu suna zaman lafiya har fure guda ya tsiro a kan iyakar gidajensu. Gardama ta zama faɗa, faɗa ya cinye su duka biyu. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, kuma duk wanda ya taɓa ganin rikicin iyakar gona zai gane shi ba tare da tafinta ba.

A nan ne maganar ta iso gida. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942, ya soma da wasan inuwa da fitila tun yana saurayi. Ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, daga bisani ya tafi Kanada ya ga aikin McLaren da idonsa. Ya ɗauko dabara, ya zuba mata gatana. "La Mort de Gandji" na 1965 ya sami kyauta a bikin Dakar na 1966. A cikin 1966 ɗin ya fito da "Bon Voyage Sim", inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, aka tarbe shi da fareti da dukan shagalin mulki.

A tuna da zamanin. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki ƙarƙashin Diori Hamani, an haramta Sawaba tun 1959. Abin da ɗan jarida ba ya iya rubutawa, kwaɗo ya nuna shi cikin ƴan mintoci, jama'a suka yi dariya, kowa ya san inda aka dosa. Da launuka kaɗai Alassane ya watsa, da masana sun yaba, talaka ya tashi hannu banza. Labari shi ne igiyar da ta ɗaure zane da rayuwar mai kallo.

Duk da haka, gida na biyu yana da haƙƙi a kan na farko. Shi ne maƙera inda ake ƙera kayan aiki. McLaren ya nuna cewa mutum guda, da ɗan abin da ke hannunsa, yana iya yin silima ba tare da dukiyar Disney ba. Wannan darasi ne ya ba Alassane damar zama a Tawa yana ɗinka ƴan tsana, ya yi "Samba le grand" a 1977, daga baya ya yi "Kokoa", inda dabbobi ke kokowar gargajiya.

Alassane ya rasu a Wagadugu a 2015. Yau kwamfuta ta sauƙaƙa wa matasa abin da ya sha wahalarsa shekaru. Mahukunta da attajiran da ke iya tallafa musu su bar su su yi gwaji, ko da ba a gane shi nan take ba. Su kuma matasan, idan hannu ya faɗa, su tuna da kwaɗon Alassane, su ba jama'a labarin da ya shafe ta.