Kwana goma na doka da zaman makoki

(Jawabin da aka gabatar a Sarkin Yamma, gaban ƴan kasuwa da ma'aikata)



Dokar ƙwadago ta Nijar, ta 1996 da ta 25 ga Satumba 2012 wadda ta gaje ta, ta tanadi cewa izinin da aka bai wa ma'aikaci saboda sha'anin iyali, rasuwa ko suna ko aure, ba za a zabtare shi daga hutunsa na shekara ba, muddin bai wuce kwana 10 ba. Tanadin ya samo asali ne daga dokar Faransa ta 1952, kuma iyalin da take nufi na cikin gida ne kawai. To, a nan ƙasar Madarunfa, wa zai ce baffan da ya yi maka aure ba ubanka ba ne? Ga sadakar uku, ga ta bakwai, ga ta arba'in.

Ma'aikacin gwamnati dai yana da tasa dokar daban. Abin da ya dame ni shi ne yaron shago da ɗan dako a kasuwar Maraɗi, waɗanda ba su da takardar aiki. Alhazai, da ku nake. Yaronku in ya tafi jana'izar uwarsa, kada ya dawo ya tarar an yanke masa kuɗin wata, balle a ce wani ya hau kujerarsa.