Jawabi A Kan Idon Zakara

Jama'a, idon zakara tsiro ne mai yaɗo, wanda ya kan nannaɗe shinge da ƙananan itatuwa. Ganyayensa ƙanana ne, jere bibbiyu kamar na tsamiya, furensa kuwa kamar na wake. In kwafsarsa ta bushe sai ta tsage, 'ya'yan su bayyana jajaye wur, kowanne da ɗigon baƙi. Daga nan ya sami sunansa.

Tun zamanin kakanni masu magani su kan ba da ganyen, mai ɗan zaƙi, a tauna ko a dafa a sha saboda tari da dushewar murya.

Amma 'ya'yan dafi ne. Ɓawonsu yana da tauri, shi ya sa wanda ya haɗiye su ɗungum ya kan tsira. In an tauna su kuwa, dafin ya fito, ƙwaya kaɗan ta isa ta kashe yaro. Amai da gudawa su kan biyo baya, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Har yau ba a sami makarin wannan dafi ba.

Saboda haka iyaye su hana yara wasa da su. Yaron da ya tauna, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiran alama.