Yadda Kwamfutar Makaranta Ke Tashi Idan An Kunna Ta

Ya Shugaban reshe, shugabannin makarantu, da 'yan'uwana malamai maza da mata na Jega da Aliero da Maiyama, har da namu na Gumbin Kure, ina gaishe ku.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta zalla, kuma jarrabawar cancanta ta TRCN, wadda ta shafe mu kai tsaye, ita ma a kwamfuta ake yin ta. Yaron da ke burin shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ga ta nan kusa da gida, sai ya fara zama gaban na'urar nan. Saboda haka, makarantar da ta yi sa'ar samun kwamfuta biyu ko uku, babbar asara ce a lulluɓe su da zane a ajiye a ofis wai sun lalace. Sau da yawa lafiyarsu ƙalau. Yanayin tashinsu ne wani ya sauya, ya tafi bai mayar ba.

Manhajar Windows tana da wani yanayi na masu gyara da ake kira Safe Mode. A cikinsa na'ura kan ɗauko abin da ya zama dole kawai: bangon allo ya yi baƙi, rubutun Safe Mode ya bayyana a kusurwoyi huɗu, sauti ya ɗauke, na'urar buga takarda ta ƙi amsawa. Idan mai gyara ya saita shi ya manta, haka za ta riƙa tashi kullum, ko an kashe an kunna sau ɗari. Maganin bai kai minti biyu ba. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta msconfig, a shiga shafin Boot, a cire alamar da ke jikin Safe boot, sannan a sake kunnawa.

A wannan shafin ne kuma, idan an ɗora Windows iri biyu a na'ura ɗaya, ake zaɓar wadda ɗalibai ke aiki da ita a danna Set as default. Daƙiƙa 30 da take jira kafin ta tashi ana iya rage su zuwa 5. Ina roƙo kada hannu ya kai ga Delete da ke gefensa.

Sai saurin tashi, wanda ya zo da Windows 8 a 2012. Idan yana aiki, Shut down ba ya kashe na'ura gaba ɗaya. Takan adana wani ɓangare na halin da take ciki, ta farka da shi gobe, har da matsalar jiya. Restart ne ke share komai. Kafin a ɗora kwamfuta kan babur zuwa Jega ko Birnin Kebbi, a gwada shi tukuna.

Amma waɗannan saituna ba sa buɗewa sai ga mai izinin kula da na'urar, kuma a nan ne ƙorafina yake. Akan kawo kwamfuta makaranta, a ɗauki hoto, mai kawowa ya tafi da kalmar sirri a kansa. Ya Shugaba, ina neman reshe ya rubuta wa hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu uku cewa kada shugaban makaranta ya sa hannu ya karɓi kwamfuta sai an kunna ta a gabansa, an kuma miƙa masa kalmar sirrin a rubuce.