Sunayen Da Muke Laƙaba Wa Abincin Kowa-Ya-Ɗiba

Jawabin da kwamitin al'adu ya gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Badun

 

Da aka ce kwamitinmu ya kawo jawabi, wasu sun zaci za mu yi magana a kan tarihi ko sarauta. To, sai ku yi haƙuri, yau maganar tukunya muka zo da ita. Ba ta ranar suna ko ta Sallah ba, a'a, tukunyar ranar da uwargida ta gaji, ko cefane ya yi ƙaranci, aka bar abin da ya samu a kan murhu aka ce kowa ya je ya ɗiba. Mun lura kusan kowane gida a unguwar nan yana da sunan da yake kiran wannan abinci, sunan da in ka faɗe shi a gidan maƙwabci ba za a gane ba. Shi ne muka ɗan zazzaga muna tambaya.

Akwai dai sunayen da duk Bahaushe ya sani. Tuwon da ya kwana aka mai da shi wuta da safe, ɗumame ne. Abin da ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, in an shanya shi aka jiƙa aka haɗa da ƙuli-ƙuli da mai da yaji, ya zama kwaɗo. Tuwo ba miya, gaya. Shinkafa da wake da mai da yaji, Kanawa suka ce garau-garau. Waɗannan na kowa ne, daga nan har Damagaram. Mu na cikin gida muke nema.

A wani gida an ce mana sunansa ɗiba-ka-rufe, domin kullum faɗan da uwar take yi ke nan saboda ƙuda da kaji. Wani gidan kuma mai-rabo-ka-ɗauka, wato in ka yi jinkiri a makarantar allo sai ka tarar da tukunya an jiƙa ta. Wata tsohuwa a nan bayan masallaci ta ce ita tun 'ya'yanta suna ƙanana take kiransa ba-ni-da-bawa, kuma har yau jikokinta da ke Ikko in sun bugo waya sai su ce, "Hajiya, yau ba-ni-da-bawa muka ci." Amma wanda ya fi ba mu dariya shi ne na wani gidan dillalan goro, inda ragowar tuwon masara da amala da teba da miyar kuka da ewedu, duk aka jera su wuri ɗaya, maigidan ya duba ya ce, "Yau Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke zama." Shekara da shekaru ke nan sunan ya bi abincin. Kun ga wannan suna ba a Kano za a ƙirƙiro shi ba, sai a Kurmi.

Jama'a, in kun duba da kyau, yawancin sunayen nan rufin asiri ne. Uwa ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗanta yau babu ba. Sai ta mai da abin wasa, yaro ya ci yana dariya, bai san an yi dabara ba sai ya girma ya riƙe nasa gidan. Manya a cikinmu suna tune da tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari a 1982, da kuma shirin SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, lokacin da ɗalibai suke lissafin cin abincinsu da ɗaya-sifili-ɗaya, wato a ci da safe, a tsallake rana, a ci da dare. Da yawa daga cikin sunayen da muka tattara, masu su sun ce a wancan lokaci aka haife su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, mun ji sababbi sun fara fitowa. Allah ya kawo mana sauƙi.

Wani abu kuma, yaranmu da aka haifa a nan Yarbanci suke yi a waje, Turanci a makaranta, Hausar ma in sun yi ta sai ka ji ta da gargada. Amma ba mu taɓa jin yaron da ya fassara ɗiba-ka-rufe zuwa wani yare ba. Yadda ya ji ta a bakin uwarsa haka yake faɗinta. Wannan kaɗai ya isa mu rubuta su mu ajiye.

To, ga inda gizo ke saƙar. A da, kowa-ya-ɗiba abu ne na jefi-jefi, shi ya sa har ya sami laƙabi. Ka'idar gida ita ce a kwashe tuwo a rarraba: ga akushin maigida a kai zaure, ga kwanon samari, ga na yara su zauna su sa hannu tare, babba ya raba nama, ƙarami ya ɗauke kwano. Yanzu a gidaje da yawa abin ya juye. Wannan ya fita kasuwar Bodija tun asuba, wancan yana kan babur har dare, yaro ya dawo ya dafa Indomie ɗinsa shi kaɗai ya shige ɗaki da waya a hannu. Ba mu zo ɗora wa mata laifi ba, mun san da yawansu su ma sana'a suke yi, kuma da kuɗinsu ake hura wutar. Tambayarmu ɗaya ce: in kowa ya ɗibi nasa, wa zai ɗebar wa baƙo?

Kada mu manta yadda aka yi unguwar nan ta tsaya da ƙafarta. An kafa Sabo a 1916, kuma abin da ya riƙe ta shi ne fataucin shanu daga Arewa da goro daga nan. Falke zai sauka bai san kowa ba, maigida ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo safe da dare, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki shanu bashi. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969, kuma wannan tsari na maigida da baƙonsa yana cikin manyan abubuwan da ya yi bayani a kai. Wa yake tuƙa tuwon? Kakanninmu mata ne, daga cikin kulle. Ba a taɓa kwashe tukunya a gidajen nan ba a cire kwanon zaure ba, ko da baƙo ko babu, domin in bai zo ba almajiri zai zo. Kuma wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da yadda mutane suka watse da mata da yara suna neman inda za su fake, ya san baƙo ba ya aiko da saƙo kafin ya iso.

Ita tsohuwar nan mai ba-ni-da-bawa, da muka tambaye ta, cewa ta yi ko a ranar da ta fi kowace gajiya, sai ta fara zuba kwano guda ta rufe da faifai ta ɗora a kan randa, sa'an nan ta ce wa yara su je su ɗiba. Shi ma kwanon yana da suna a gidanta, wai na-mai-sallama. In har bayan lisha ba wanda ya yi sallama, autan gida ne ke cinyewa, shi ya sa in ji ta yaron ya taso ba ya son jin motsi a ƙofar gida.

Saboda haka roƙonmu biyu ne. Na farko, kowane gida ya rubuto mana sunayen da yake da su, da wanda ya fara faɗa, da dalilin, a miƙa wa sakatare ko shugabar mata kafin taro mai zuwa, za mu buga su a mujalla ba tare da ambaton gidan kowa ba. Wanda ba ya boko ya rubuto da ajami, muna da masu karantawa. Na biyu, iyayenmu mata, ranar da za a bar tukunya a buɗe, a taimaka a fara cire na-mai-sallama. Ku kuma iyayenmu maza, a riƙa sa shi cikin lissafin cefane.