Lissafi, Fiziks Ko Kemistiri: Wace Ƙofa Za Mu Shiga?



Nan ba da daɗewa ba za a miƙa wa waɗansunmu takarda, a ce kowa ya rubuta fannin da zai tsaya a kai har ya sami digiri. Cika ta ba ya ɗaukar minti biyar, amma abin da aka rubuta yakan bi mutum shekara talatin. Galibinmu kuwa da jita-jitar ɗakin kwana muke zaɓe: wai kemistiri ya fi samar da aiki, wai malaman fiziks ba su da tausayi, wai lissafi yana zautar da mutum. Waɗansu ma likita suka nema ba su samu ba, shi ya sa suke zaune cikinmu kamar baƙi, suna jiran ƙofar fita.

A ganinmu, babban abin da ya raba fannonin nan shi ne irin hujjar da kowanne yake yarda da ita. Ga misali. A ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a ƙara ta a kan abin da aka samu, sa'an nan a ƙara 41. In an fara da 1 za a sami 43, in da 2 a sami 47, in da 3 a sami 53, dukkansu lambobi ne da ba su rabuwa sai da kansu ko da 1. Haka abin zai yi ta tafiya har 39, babu kuskure ko ɗaya. Mai aikin awo da ya gwada abu sau 39 ya ga bai saɓa ba, yana da damar ya fara amincewa. Masanin lissafi kuwa sai ya ce tukuna. Kuma da gaskiyarsa, domin a kan 40 sai a sami 1681, watau 41 sau 41. To, wanda wannan ya sosa masa rai, har ya ji ba zai yi barci ba sai ya san dalili, ya nufi lissafi.

Mai fiziks shi duniya ce alƙalinsa. Kome kyan lissafinsa, in ma'auni ya ƙaryata shi, ya faɗi. Amma kada kowa ya shiga fiziks don gudun lissafi, gama gudun gara ne a faɗa gidan zago. A cikin shekarun 1860 James Clerk Maxwell da alƙalami kawai ya nuna lalle akwai igiyoyin lantarki masu ratsa sarari da saurin haske, sai wajen 1887 Heinrich Hertz ya tabbatar da su a ɗakin gwaji. Rediyon da ke ɗakunanmu jikan wannan lissafi ne. Saboda haka ne wanda ya ƙware a lissafi yakan iya ƙaura zuwa fiziks daga baya, alhali komowa ta ɗaya hanyar ta fi wuya ainun.

Kemistiri yana son haƙuri da tsabtar hannu, da jure tsayuwar yini guda a ɗakin gwaji. Wanda ba ya son wankin kwalabe ya sake shawara.

Akwai kuma masu cewa wannan ilmi na Turawa ne, mu 'yan rakiya ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan ƙa'idojin tsara lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, fiziks ya karanta, ya duƙufa kan amfani da zafin rana, kuma sunansa Jami'ar Yamai take amsawa. Ya dubi abin da Allah ya wadata ƙasarsa da shi, ya tambayi kansa me za a yi da shi.

Tun da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ga shawararmu. Kada mu auna fanni da makin da muka ci a shekarar farko, domin yawancinsa bitar sakandare ce. Mu nemi takardun jarrabawar 'yan shekarar ƙarshe na kowane sashe, mu karanta tambayoyin. Ba za mu iya amsa su ba, amma za mu ji waɗanda muke kwaɗayin iya amsawa. Mu kuma tambayi yayyenmu da ke can yadda suke cinye yininsu, ba nawa suke sa ran za a biya su ba.

Batun aiki ba abin rainawa ba ne, iyayenmu suna jira. Ofishin ƙididdiga da bankuna suna neman mai lissafi, hukumar ruwa da masana'antu suna neman mai kemistiri. Yawancinmu dai aji za mu shiga mu koyar, kuma yaro ɗan aji uku yakan gane malamin da aka tura fanninsa dole tun kafin ya gama share allo.