Shafi Goma Kafin Barci



Na yi shekaru masu yawa da alli a hannu, kuma da dama daga cikinku kun zauna a ajina. Duk lokacin da na ziyarci ɗayanku a birni, nakan tambaye shi littafin da ya karanta na ƙarshe. Amsar ba ta sauyawa: "Malam, sha'awar tana nan, lokaci ne babu." A kan wannan amsa nake so mu tattauna a yau.

Bari mu yi ɗan lissafi. Wanda ya karanta shafi 10 kowane dare, a shekara ya karanta shafi 3,650, wato littattafai 18 masu shafi 200. Cunkoson motocin da kuke zama a ciki kullum ya fi haka cin lokaci.

Ku tuna kuma, waɗanda suka rubuta mana littattafan farko su ma masu aiki ne. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, shi ma malamin makaranta, ya rubuta Shaihu Umar. In mai koyarwa ya sami sukunin rubutawa, mu ba za mu rasa na karantawa ba.

Wani zai ce shi fim ya fi so, wani tarihi, wani kimiyya. To, ai ɗaya ke kai mutum ga ɗaya. Ɗauki Shaihu Umar: labarin yaron da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Wanda ya karanta shi dole ya tambayi yadda fataucin bayi ya gudana tsakanin ƙasar Hausa da Tarabulus. Ka ga littafi ya kai shi ga tarihi ke nan.

Kimiyya ma da tambaya take farawa. Ranar 29 ga Maris 2006 an yi husufin rana, gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina. Wata ne ya gifta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a kanmu, kuma masana sun faɗi ranar tun kafin ta zo. Uba nawa ne a cikinmu ya iya yi wa ɗansa wannan bayani a lokacin?

Nan ne damuwata take. 'Ya'yanku suna tasowa nesa da gida, wasunsu Hausar ma sai da ƙyar. Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa riƙe da littafi ba, faɗa ba zai sa shi karatu ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona guda ne. Kowa ya koma da niyyar shafi goma kafin barci, daren Juma'a kuma ya karanta wa yara labari ɗaya daga Magana Jari Ce da babbar murya. Baɗi, in muna raye, tambayata tana nan, kuma ba zan karɓi tsohuwar amsa ba.