Yunwa Ba Ta Jiran Azumi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwanon masara ya gagari magidanta da yawa a Arewa. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku, yanzu sau ɗaya ma sai an yi da gaske.

Mun yaba wa masu ciyarwa a watan azumi, Allah Ya saka musu. To amma yunwa ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. A daidai nan ne tukwanen sadaka suke yin sanyi.

Addini ya riga ya tsara mana hanya. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato ma tana da tata. Sai dai hukuma ba ta san matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu ba, wadda kunya ta hana ta bin layi. Mai unguwa da liman su suka san ta.

Don Allah, kowace unguwa ta kafa kwamitin amintattu, a tara hatsi da kaka, a kai wa mabukata har gida cikin sutura.